Tsohon Cikin Talla da Tsohon Cikin Zango

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin masu gyaran labarai na wannan shafi ya yi a gaban wani taron 'yan Arewa mazauna Ikko. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, sai ɗan abin da aka rage saboda ƙarancin fili.



Da farko ina neman gafara wurin dattawan da ke zaune a nan, domin an ɗora mini magana a kan tsufa da barin aiki, alhali ban cika shekara arba'in ba, ga kuwa waɗanda suka haife ni sun cika zauren nan. Na san abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Abin da ya ba ni ƙarfin halin miƙewa shi ne irin aikin da nake ci da shi. Ni mai gyaran labarai ne a gidan jarida. Idan wakilai suka aiko da labari, ni ne nake dubawa, in rage, in sa masa kai, sa'an nan in nema masa wuri a shafi. Wurin nan kuwa ba ni nake fara zaɓa ba. Masu talla su ake fara yanka wa filinsu, abin da ya saura shi ake ba labari, domin kuɗin talla shi ke biyan albashinmu. Saboda haka kullum idona yana kan abu biyu a lokaci guda, watau abin da mai talla yake so ku gani, da abin da ya faru a gari.

Wani dare ina tsara shafi, sai aka kawo mini talla mai cin rabin shafi daga wani kamfanin da ke kula da kuɗin fansho. Hoton wani dattijo ne da matarsa, sun yi anko, suna zaune a kan kujera mai taushi a gaban wani gida mai koriyar ciyawa. Gemunsa fari fat, an gyara shi sumul, haƙoransa a cike babu wanda ya faɗi, ga tabarau mai ruwan zinariya, ga jikoki biyu suna wasa a gefe. A ƙasa an rubuta kalmomin Turanci masu daɗi a kan hutu da kwanciyar hankali. Labarin da ya rage in sa a saman wannan hoto kuwa, na waɗansu tsofaffin ma'aikata ne da suka yini a layi domin a tantance su, har ɗaya daga cikinsu ya yanke jiki ya faɗi. Na daɗe ina duban shafin nan. Tsoho a sama, tsoho a ƙasa, shekarunsu kusan ɗaya, ƙasarsu ɗaya, layi ɗaya siriri ne kawai ya raba su. Haka aka buga shi, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Kada a ce na zo in ƙaryata masu talla. Mai kaya ba zai kushe kayansa a kasuwa ba, mu ma da muke sayar da goro mai kyan muke ɗorawa a saman huhu. Kuma abin da suke kira gare shi, watau mutum ya yi tanadi tun da sauran ƙarfinsa, gaskiya ne. Har ma irin tsohon nan na cikin hoto akwai shi a ƙasar nan, sai dai a tambaya ko shi wane ne. A 2007 Jihar Ikko ta yi dokar da ta tanadar wa tsohon gwamna gida a Ikko da gida a Abuja, da motoci da ake sabuntawa, da masu hidima, kuma jihohi da yawa, na Kudu da na Arewa, na kowace jam'iyya, sun yi irin tasu. A Zamfara sai a 2019 aka soke irin wannan doka, bayan ta fito fili cewa tsohon gwamna yana da Naira miliyan 10 a kowane wata. To, wannan shi ne hutun da ake zanawa a allunan da ke kan hanyar Ikorodu. Laifin talla ɗaya ne: ta ɗauki rabon mutane ƙalilan ta nuna shi kamar shi ne ke jiran kowa idan ya cika takarda ya sa hannu.

Mu dubi zauren nan. Mutum nawa ne a cikinmu suke da abin da ake kira ritaya? A aikin gwamnati ƙa'ida ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 da kama aiki, wadda ta riga zuwa. Amma wa zai rubuta wa ɗan dako a Mile 12 takardar barin aiki? Wa zai yi wa mai shayi, da ɗan garuwa, da mai gyaran takalmi, da mahauci, da mai gadin ƙofar wani attajiri a Ikoyi liyafar ban kwana? Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna a bincikenta na 2023 cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba aikin albashi mai rajista suke yi ba. A ƙarshen 2024 asusun fansho da aka buɗe a ƙasar nan duka bai wuce miliyan 10 da 'yan kai ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Mu da muka zo Kurmi cin rani muka zarce, mafi yawanmu muna wajen wannan lissafi. Ritayarmu ita ce ranar da gwiwa ta ƙi ɗaukar buhu, ko ranar da maigida ya lura mai gadinsa ya fara gyangyaɗi ya nemo yaro. Babu sanarwa, babu kuɗin sallama, sai dai abin da aka ga dama aka damƙa maka a hannu.

Waɗanda suka yi aikin albashin ma, tarihinsu ba irin na hoton nan ba ne, kuma iyayenmu da ke nan sun fi ni saninsa. A 1975, zamanin Janar Murtala, an sallami ma'aikatan gwamnati kimanin 10,000 cikin 'yan watanni, da yawa ba tare da sun shirya ba, tun daga lokacin kuma ma'aikaci ya fahimci kujerar ofis ba gadon ubansa ba ce. A tsohon tsari gwamnati ce take alkawarin biyan fansho daga baitulmali, ba tare da an ware kuɗin a gefe ba, saboda haka duk shekarar da aljihunta ya yi sanyi, 'yan fansho su ne farkon waɗanda ake mantawa. Masaƙar Kaduna da ake kira KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu suna jira. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, wanda yawancin ma'aikatansa a nan Ikeja suke, an rushe shi a farkon shekarun 2000, amma sai a 2018 gwamnati ta amince da sakin wani babban kaso na kuɗin da suke bi. Ku lissafa shekarun, sa'an nan ku tuna cewa mutumin da ake sa wa jiran nan ya riga ya tsufa tun ranar da aka fara. Sai kuma ɓarayin biro. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora a kan kwamitin gyaran sha'anin fansho, a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure shi shekara 8 a kan halatta kuɗin haram da suka kai Naira miliyan dubu 2. Watau wanda aka ba tsaron rumbu shi aka kama da dami.

Saboda irin wannan ne aka yi dokar gyaran fansho ta 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka sake ta a 2014 zamanin Shugaba Jonathan. A ƙarƙashinta ma'aikaci yana da asusu da sunansa, ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 10, a zuba a ciki kowane wata. Kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke riƙe da su daban, hukumar PenCom kuma tana sa ido. A ganina wannan ya fi tsohon tsari nesa ba kusa ba, domin kuɗin suna nan a ajiye, ba alkawarin baki ba ne, kuma idan ka canja wurin aiki asusunka yana bin ka. A ƙarshen 2024 abin da aka tara ya haura Naira tiriliyan 20. Waɗannan kamfanoni su ne masu yawancin tallar da nake magana a kai, kuma suna da abin nunawa.

Amma mu yi lissafin da ba a sawa a allo. A ce mutum yana karɓar mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024, Naira 70,000, a ce kuma dukansa ake lissafawa. Kashi 18 cikin 100 ya kama Naira 12,600 a wata, Naira 151,200 a shekara. A farashin ƙarshen 2024 wannan bai sayi buhun shinkafa biyu ba. Tanadin shekara guda ke nan, wanda ake so ya riƙe mutum bayan ya daina aiki. Za a ce ai ana juya kuɗin suna haihuwa. Haka ne, fiye da rabinsu gwamnati ake ranta wa, tana biyan riba. Sai dai riba tana tafiya a ƙasa, tsadar kaya tana kan doki. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ce farashi ya tashi da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda, bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023 da sakin Naira a kasuwa. Ba abin mamaki ba ne da tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja a 2025 suna neman a fitar da su daga wannan tsari, suna cewa abin da ake ba su a wata ba ya kai su ko mako biyu.

Wannan ciwo na lalacewar kuɗi shi ne babban abin da hoto ba ya iya nunawa, domin hoto tsaye yake, kuɗi kuwa narkewa suke yi. A 1981 mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, a lokacin Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya, watau albashin nan ya kai kimanin Dala 200. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai Dala 50 ba. Wanda ya bar aiki kafin a karya darajar Naira a 1986 yana ganin ya tsira da abin da zai ci har mutuwa, kafin shekara goma fanshonsa ya koma kuɗin cefanen kwana kaɗan. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 173, ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Ku tambayi kowane ɗan fansho sau nawa aka cika wannan a kan lokaci.

Sai jiki. Tsohon cikin talla ba ya ciwo. In ma an nuna shi da likita, dariya suke yi tare. Tsohon cikin zango kuwa yana fama da hawan jini, ko ciwon suga, ko yanar ido, ko gwiwar da ba ta barinsa ya yi sujada sai a zaune, ko matsalar fitsarin nan da ke damun maza idan shekaru suka ja, wadda kunya take hana su faɗa har sai ta yi tsanani. Waɗannan ba cututtukan da ake sha wa magani kwana uku a warke ba ne, kullum ne har ƙarshen rai, kuma a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fita. An yi dokar inshorar lafiya a 2022 wadda ta ce kowa ya shiga, amma ku ɗaga hannu in ga masu kati a nan. Abin da na sha gani shi ne dattijo ya sayi maganin hawan jini na kwana goma, ya riƙa raba ƙwaya biyu domin ya kai wata, in ya ji sauƙi ya daina, sai wata safiya a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Daga ranar ba shi kaɗai ya bar aiki ba, har da 'yar da za ta zauna jinyarsa. Akwai kuma gigin tsufa, wanda yake sa mutum ya manta hanyar gidansa. A ƙauye kowa ya san shi, yaro ma zai riƙo hannunsa ya mai da shi gida. A garin da ba a san shi ba, ga shi harshen da ya koya da girma ya fara kuɓuce masa, Allah kaɗai ya san inda zai kwana. An sha jin yadda ake taruwa a kan tsohuwar da ta ɓata hanya ana kiranta mayya, alhali ciwo ne ke damunta.

Wani abin da ke ba ni dariya a hoton nan shi ne yawan iyalin. Mata ɗaya, jikoki biyu, 'ya'ya duk sun girma sun kama aiki, sai dai su zo gaisuwa ranar hutu da tsaraba. Mai zanen ya ɗauka idan mutum ya kai sittin ya gama renon 'ya'ya. A wurinmu mai shekara sittin yana iya kasancewa da ɗan fari mai shekara talatin da biyar wanda bai sami abin yi ba, da auta a aji biyu na firamare, da 'yan mata biyu da ke jiran kayan ɗaki, da marayun ƙaninsa da aka aiko masa daga gida. Ba ina zargin kowa ba ne, ni ma daga irin gidan na fito. Ina cewa ne lissafin da aka yi domin gidan mutum huɗu ba zai ɗauki gidan mutum goma sha biyar ba. Dā muna cewa 'ya'ya su ne fanshon talaka, kuma addini da al'ada sun ɗora musu wannan nauyi. Har yanzu akwai masu saukewa, Allah ya yi musu albarka. Amma ɗan da ke tuƙa acaba, aka hana shi hawa manyan tituna a 2020 aka sake tsananta hanin a 2022, wataƙila ma aka kama babur ɗin aka murƙushe, da me zai riƙe uba? Sau da yawa ma uban ne ke riƙe da shi.

Iyayenmu mata kuwa, talla ba ta san da su ba sai a matsayin wadda ke murmushi a gefen miji. Matar da ta shekara talatin tana tuƙa tuwon sayarwa a bakin tasha, hayaƙi ya cinye mata ido, mijin ya rasu ya bar ta a ɗakin haya, mai gidan ba danginta ba ne, ba yarensu ɗaya ba, wa'adin wata uku ya ba ta. Ita wace hukuma za ta je a tantance ta?

Na zo kan maganar da ta fi taɓa mu, wadda ba ta shafi abokan zamanmu 'yan ƙasa kamar yadda ta shafe mu ba, watau komawa gida. Kowane ɗayanmu da ya sauka a tashar Iddo ko ya diro daga bayan tirela ya zo ne da niyyar komawa. Mu ma muna da tallarmu da muke yi wa kanmu a zuci: gida mai zaure a garinmu, gona a bayan gari, 'yan shanu, buzu a ƙofar masallaci, jama'a suna zuwa gaisuwa. Wannan hoto ya fi na kamfani kyau, kuma shi ya sa mutum yake jure kwana a rumfa shekara ashirin yana aikawa da kuɗi. Ina da kawu wanda ya yi gadi a wani kamfani a Apapa fiye da shekara ashirin da biyar. Duk abin da ya samu gida yake turawa, a saya masa bulo, a saya masa ɗan maraƙi. Da ƙarfi ya ƙare ya tattara ya tafi. Ya tarar ginin ya tsaya a linta, shanun an ce waɗansu sun mutu waɗansu an sayar an yi hidimar biki, gonar gado an raba tun yana nan ba a jira shi ba. Sa'o'insa sun rasu, matasan garin ba su san shi ba, suna kiransa Baban Ikko. 'Ya'yansa da aka haifa a nan, waɗanda Yarbancinsu ya fi Hausarsu, suka yi wata biyu suka gudo. Bai cika shekara ba shi ma ya biyo su, ya ce mini a can baƙo ne, a nan ma baƙo ne, amma a nan aƙalla ya san inda ake sayar da maganinsa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kawuna ma ya yi sa'a, domin garinsu lafiya ake. Waɗanda suka fito daga ƙauyukan Zamfara, da Katsina, da gabashin Sakkwato, da Birnin Gwari, da yankin Barno tun daga 2009, da yawansu ba su da inda za su koma, domin an tashi garin, ko kuwa sai an biya 'yan bindiga kafin a yi noma. Shanun da mutum ya tara a matsayin ajiyar tsufansa dare ɗaya ake kore su. Wanda kuma aka ji ya dawo daga Kurmi ana ɗauka da kuɗi ya dawo, sai ya zama abin farauta. A nan ɗin ma dukiyarmu a fili take. Waɗanda suke kasuwar Sasa a Badun a watan Fabrairu na 2021 sun ga yadda rumfa da kaya na shekara da shekaru suke zama toka kafin azahar.

Inda tsoro ya yi yawa kuma, nan 'yan damfara suke kafa tasu tallar, kuma ita ma hoton hutu take nunawa: zuba kuɗinka ka kwanta, su yi maka aiki. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016, CBEX ta yi haka a watan Afrilu na 2025, tsakaninsu kuma an yi waɗansu da yawa, har da masu fakewa da sunan addini. Wanda ya karɓi kuɗin sallamarsa a dunƙule, bai taɓa riƙe irinsu ba, shi suka fi nema. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, kuɗin wani zai ba ka, kafin ya ba wani naka.

Iyayenmu da suka kafa zangon nan suna da nasu tsari, ko da yake ba su kira shi fansho ba. Sabo ta Badun tun 1916 take, kuma a can da sauran zangogi irin su Agege da Shagamu, fataucin shanu da goro a hannun masu gida yake. Maigida yana saukar da baƙo, ya ba shi masauki da abinci, ya tsaya masa a ciniki, yaransa dillalai suna cin la'ada a ƙarƙashinsa. Wanda ya tsufa a gidan ba a korarsa, yana da tabarmarsa a zaure, yana da ƙwaryarsa idan an sauke tukunya, in ya rasu maigida ne zai yi masa sutura. Wannan tsari bai mutu ba, amma ya yi rauni, domin ciniki ya koma waya, mai kaya yana turo mota daga Arewa ba tare da ya sauka gidan kowa ba, zauren da tsofaffi suke kwana an yanka shi shaguna saboda tsadar haya. Ban ce a koma jiya ba, ba ta komuwa. Na ce dai abin da ya riƙe tsofaffinmu a baƙon wuri jama'a ce, kuma ba mu sa wani abu a gurbinta ba tukuna.

Saboda haka ina da roƙo ga shugabanninmu, kuma ba mai tsada ba ne. A sami littafi a fadar Sarki a rubuta kowane tsoho da tsohuwa da ke zangon nan wanda ba shi da mai kula da shi, da garinsu, da wanda za a nema idan wani abu ya faru. A cikin kuɗin da ƙungiyoyin kasuwa suke karɓa kullum a ware wani abu sananne domin maganin waɗannan mutane, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a, kada ya zama namu Mainan. A 2019 an buɗe hanyar da mai sana'ar kansa zai iya buɗe asusun fansho ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako, kuma ana barinsa ya ciri wani kaso idan buƙata ta taso. Ban ce zai kai mutum gidan nan mai koriyar ciyawa ba, tsadar kaya za ta ci rabonta a ciki kamar yadda take ci a ko'ina, amma ɓarawon shanu ba ya kore shi, gobarar kasuwa ba ta cin sa, ɗan'uwa kuma ba ya sayar da shi ya yi biki. Wanda ke da niyyar komawa gida, ya riƙa zuwa da ƙafarsa yana ganin abin da ake yi da kuɗinsa, ya kai 'ya'yansa su san dangi tun suna ƙanana, filin da ya saya kuma a rubuta da shaidu.

Ga waɗanda ke aikin albashi a kamfanoni, ko da gadi ne ko shara, akwai abin da ya kamata ku bincika tun gobe. Ana cire muku kuɗin fansho a takardar albashi, to, suna shiga asusunku? Doka ta ba mai aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya zuba su, kuma akwai masu cirewa su riƙe. Idan saƙo ba ya shigo muku a waya, ku je ofishin kamfanin fanshon ku nemi a buga muku bayanin asusunku, haƙƙinku ne. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya karɓar kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara, da yawa ba su san haka ba. Doka kuma ta wajabta wa mai aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ta kai ninki uku na albashinsa na shekara, wadda iyalinsa za su karɓa idan ya rasu yana bakin aiki, kuma iyalai nawa ne suka ɗauki gawa suka tafi Arewa ba su tambaya ba?

Abu na ƙarshe ƙarami ne a ido, amma shi ya fi hana mutanenmu kuɗinsu, watau suna da ranar haihuwa. Mutum ɗaya, a katin ɗan ƙasa Muhammadu, a banki Mohammed, a wurin aiki Mamman, a wani wuri an sa sunan garinsu a madadin na mahaifinsa. Ranar haihuwa kuma akawu ne ya ƙaga masa, a nan 1 ga Janairu, a can wata shekara daban. Yau kwamfuta ce ke biyan kuɗi, ba ta san Mamman shi ne Muhammadu ba, ba ta kuma jin magiya. Gyaran nan yana da sauƙi tun mutum yana da ƙafar hawa bene, yana da wuya ƙwarai idan ya kwanta, ya fi wuya idan magada ne za su yi. Ni da waɗansu samari huɗu da suka yi makaranta mun yi shawara za mu riƙa zama a nan zauren kowace Asabar bayan la'asar. Duk wanda ke da takardun aiki, ko katin banki, ko wasiƙar da aka aiko masa da Turanci bai san abin da ke ciki ba, ya kawo mu duba tare, ba a biyan ko kwabo. Iyayenmu mata da ba sa son shiga cikin maza, akwai 'yan'uwanmu mata biyu da za su same su a gida.

Shugaban taro, na ci lokacin da aka ba ni har na ɗan taɓa na mai bi mini, a gafarce ni.